Yarinyar da ta shimfiɗa hanya a ƙasa

Ke da kike zane ɗanki don ya ɓata riga da wasan ƙasa, ajiye tsumagiyar nan ki saurara. An yi wata maginiyar tukwane mai wani ramin yumɓu can cikin daji, wanda ta ɓoye wa sauran magina kamar yadda kowace ke ɓoye nata. 'Yarta ƙarama kaɗai take tafiya da ita. In sun dawo, sai ta zube wa yarinyar tsingaro da kara a tsakar gida, ta ce ta nuna mata inda suka bi. Yarinyar ta aje tsingaro ta ce ga kuka, ta ja layi da yatsa ta ce ga rafi. In ta sa suri a hagu alhali yana dama, uwar ta yi dariya ta ce su sake duba shi gobe. Maƙwabta kuwa ba abin da ba su faɗa ba, wai uwa ta girma ba ta daina wasan yara ba.

Wata rana da hantsi bakin ramin ya rufto, ya danne matar har ƙugu. Yarinyar ta sheƙo gida ƙafa duk ƙaya, tana haki, ko tsayuwa ba ta iya yi. Da ta faɗi abin da ya faru, maza suka fito da fatanya suka yi cirko-cirko, don ba wanda ya san ramin, ga daji da faɗi. Sai yarinyar ta durƙusa ta share ƙasa da tafin hannu. Ta aje tsingaro a matsayin bishiyar kuka, ta ja rafi, ta nuna inda ake tsallake shi, ta aje suri a dama, sannan ta dangwala yatsa ta ce, "Inna tana nan." Samari suka duba sau ɗaya suka ruga, ba su jira a saɓo ta ba. Ko sau ɗaya ba su yi ɓatan kai ba. Suka tono matar da ranta, aka shigo da ita gari ana guɗa, masu gulmar jiya su ne a gaba wajen goya yarinyar. Ni kaina in na tuna sai daɗi ya kama ni.

To ki bar yaro ya zana duniyarsa a ƙasa, riga ai wankuwa take yi. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane.