Wace Ce Nasrin?

Wata uku bayan ciwon mantuwa ya kama Baba, sai ya fara kiran wata mace da ba mu sani ba, wai Nasrin.

Ni ce 'yarsa ta fari, ni nake jinyarsa a gidanmu na Ƙofar Kwaya. Ina ba shi kunu a baki, yana leƙen bayana yana neman Nasrin. Na tsani matar nan tun ban gan ta ba. Ƙanena ya duba a waya, ya ce sunan Farisa ne, sunan wani fure mai ƙamshi da ke fitowa a daji. Muka tambayi abokan Baba 'yan yadi a Babbar Kasuwa, babu wanda ya san ta.

Sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya. Ta ji kiran, ta ci gaba da cin goronta.

"A Makka ya ji sunan a bakin wani mutumin Iran, ya riƙo shi har Katsina," in ji ta. "Ranar sunanki liman ya faɗe shi sau ɗaya, aka yanka rago. Kakarku ta ce harshenta ba zai iya ba, tunda ran Alhamis aka haife ki, Lami ce. Shi kuwa kunyar 'yar fari ta hana shi kiran ko ɗaya."

Shekara arba'in da ɗaya "ke" yake ce mini. Ciwon ya cinye masa komai, har da kunyar.

Ya sake kira. Na ajiye cokali.

"Na'am, Baba."

Ya dube ni, ya ce, "Kin daɗe."