Gwangwanin Tsohuwa Phadke

Wainar anarsa ta huɗu ma ta fashe a cikin man shanu. Sulabha ta tsame ɓurɓushin, ta leƙa titi ta taga, ta dawo, ta sake leƙawa. Saura kwana shida bikin Diwali, ga allo ta rataya a ƙofa mai sunanta da lambar waya, amma duk garin Pune mutum ɗaya ce ta nemi kayan zaƙin da take sayarwa, ita ma ba ta saya ba tukuna.

Mijinta Hemant ne ya samo ta. Wata tsohuwa ce, in ji shi, Phadke, can bayan kasuwa. In ta ɗanɗana ta yaba, matan unguwa guda za su biyo bayanta. Sai dai anarsa take so, wainar shinkafa da mazarƙwaila wadda ko gwanaye ke shakka. Sulabha kuwa da ido kawai ta koya, a tsugune gefen Aai, mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa barinta ta taɓa kasko ba. Tun da ta auri Hemant ba da yardar gida ba, shekara bakwai ke nan, ko gaisuwarta Aai ba ta amsawa, balle a kira a yi tambaya.

Sau uku Hemant yana ɗaura gwangwani a babur, sau uku yana dawo da shi cike. Bayan kasuwar nan ma sai ya shafe rabin yini, ya dawo takalmi duk jar ƙasa. Karon farko wai jiƙon shinkafar bai kai kwana uku ba. Na biyu wai ta juya ta a mai, alhali gefe ɗaya ake soyawa. Na uku ne ya ƙular da ita.

"Ta ce ki daina gaggawa, wai halinki ne," in ji Hemant, yana kallon ƙasa.

"Halina? Ita a ina ta san ni? Kai kuma ka tsaya kana gyaɗa mata kai ko?"

Haushi ya cika ta, amma ta rage wuta. Ta murza ƙullun a hankali a kan riɗi, ta zura shi, ta riƙa watsa masa mai da ludayi ba ta juya ba. Ya taso ja, da ƙananan huji kamar rariya. Ta cika gwangwani, Hemant ya tafi.

Yinin nan ba ta zauna ba. Ta share tsakar ɗaki sau biyu, ta wanke kaskon da ta riga ta wanke. In wannan ya dawo, sauke allon za ta yi.

La'asar sakaliya ya shigo da gwangwani, da nauyinsa. Ta ɗauka an sake dawo mata da kayanta. Ta buɗe, sai ta ga ba nata ba ne: alawar laddu ce cike har baki, don ba a mayar wa mutum kwano fanko. Gwangwanin ma wani ne, sabo fil, sai dai tsohon yayi ne.

"Ta cinye?"

"Har da ɓurɓushi. Ta ce gwangwanin nan ya daɗe yana jiranki."

Sulabha ta juya shi, ta nemi inda maƙera ke zana sunan mai kaya. Shekarar aurenta ce a rubuce, a ƙasa kuma: "Ga Sulu, daga Aai." Ashe wurin mahaifiyarta Hemant ke ta zuwa.