Gudumar Kafinta

Auta ya goge abin da ya haɗa, ya sake farawa, ya sake gogewa. Yau ce rana ta ƙarshe. Mai situdiyo ya ce ya kawo masa kiɗa ɗaya kafin la'asar, nasa na kansa, in ya yi daɗi ya ɗauke shi aiki. Yayansa kuma ya riga ya yanke magana: in aka koro shi, gobe zai karɓe kwamfutarsa, Auta ya bi shi shago wankin kayan gyaran mota, zancen kiɗa ya mutu.

Ba yau ya faro wannan wahala ba. Tun yana makaranta yake kunna rikoda ɗaya yana ɗauka da ɗaya, ya yanka zaren kaset da reza, ya liƙe da salatif, har sauti ya riƙa maimaita kansa. Daga nan ya samu piyanon yara mai karyayyen haƙori, sai makirfo da ya sa wa safa don kada iska ta shiga. Kwamfutar ma tsohuwa ce, da an ɗauke wuta take mutuwa.

Inna ba ta taɓa kiran abin nan sana'a ba. Cewa take ƙato da lafiyarsa ya zauna yana sa ƙarfe kuka. Amma rikoda ɗaya tata ce, kuma ita ta bi maƙwabta ta tara masa kwalayen ƙwai, ya manne bangon ɗakinsa da su, ya jingina tsohuwar katifa a ƙofa, ƙara ba ta shiga ba ta fita. Da safe ta leƙo ta ce za ta yi wanka ta tafi asibiti duba ƙanwarta, in zai fita ya kulle gida. Ya ɗaga mata hannu, bai ko cire hedifon daga kunnensa ba.

Ganga ce ta gagare shi. Duk gangunan da ke cikin kwamfutar kowa na da su, mai situdiyo kuwa ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Auta ya bugi tukunya, ya bugi bokiti, ya bugi ƙirjinsa ma. Babu wanda ya yi nauyi. Rana ta yi sama. Ya cire hedifon ya kifa kai a tebur, ya rasa abin yi.

A nan ya ji bugu. Daga kusurwar da kwalaye suka ƙare masa yake zuwa, can ƙasa, mai nauyi, a dushe. Akwai kafinta a bayan gidansu, sun sha yin cacar baki a kan hayaniya. Yau kuwa Auta ya sa masa albarka. Ya durƙusa ya manna makirfo a bango, ya riƙe numfashi.

Bugun bai da tsari. Ya zo a jere, ya tsaya, ya dawo da rauni. Auta ya yi tsaki, ya ce tsufa ya kama kafinta, guduma ma ta fi ƙarfinsa. Bai damu ba, gyara aikinsa ne. Ya ɗauki sautin, ya jawo kowane bugu a kwamfuta ya zaunar da shi a kan layi, ya ƙara wa masu rauni ƙarfi. Akwai wata siririyar ƙara da ke shiga tsakani, kamar kukan tsohuwar ƙofa. Ya tace ta, ya zubar. Kafin ya gama ɗora piyano, gudumar ta yi shiru.

Ya saurara sau ɗaya, tsikar jikinsa ta tashi. Bai taɓa yin kiɗa irin wannan ba.

Ya zura kwamfuta a jaka. A tsakar gida ruwa na bin kwata, ya ce wato Inna mai faɗan ɓarna ita ma tana manta famfo. Ya rufe babban bututu daga waje, ya tsallake takalman da ke bakin ƙofa, ya danna kwado, ya ruga. Mota biyu ya shiga kafin ya kai ɗaya gefen gari.

Mai situdiyo mutum ne mai ƙiba, marar yawan yabo. Ya saurara ido rufe, ƙafarsa na motsi. Da kiɗan ya ƙare ya tambayi inda aka samo gangar. Auta ya ba shi labarin kafinta, har da dariya.

"Ɗan samari, kafintanka ya fi makaɗana," in ji shi. "Amma ka wanke abin ya yi fari fat. Ina asalin? Ni ba na karɓar kiɗa sai na ji ɗanyensa, ɓarayi sun yi yawa."

"Maigida, datti ne kawai a ciki."

"Dattin nake so in ji."

Auta ya miƙa masa ɗanyen. Mutumin ya sa a manyan lasifikoki, ya murɗa har ƙarshe. Bugun ya cika ɗakin, a karkace yadda ya zo, ga ƙarar ruwa a bayansa. Ƙafar mai situdiyo ta daina motsi. Ya ce wannan ba ƙarfe a kan katako ba ne, roba ce a kan siminti. Ya ɗago siririyar ƙarar nan da Auta ya zubar, ya sake kunnawa.

Tsakanin bugun kofin wanka da bugun kofin wanka, muryar Inna ce daga ƙasan banɗaki, tana ƙara dushewa: "Auta, na faɗi. Auta, kana ji na?"