Ɗaki Ɗaya a Watan Oktoba

Wayar masaukin ta yi ƙara Kumiko na zuba giyar inabi a kwalabe, sai ta yi wa mijinta alama da haɓa. Tatsuo bai son ɗaukar waya, kamar yadda bai son baƙi su ɗauke shi hoto, amma ya ɗauka.

Mace ce, daga wani garin masunta a arewa. Tana so ta san lokacin da ya fi dacewa a zo a ga gonakin inabi da tafkin da ke yankin.

Tatsuo ya zaro hankici ya rufe bakin wayar, ya shaƙe murya.

"Watan Afrilu fa?" in ji matar.

"Itatuwan tsirara suke, babu abin kallo."

"Agusta?"

"Zafi, ranki ya daɗe. Ga sauro a bakin tafki."

Kumiko ta ajiye kwalba tana kallonsa. Ɗakuna shida ne da su, biyar a rufe babu baƙi. Shekara goma sha biyu ke nan da ya zo gonar mahaifinta neman aikin tsinkar inabi, da jaka ɗaya, bai taɓa korar baƙo ba.

Matar ta ce ba yawon shaƙatawa za ta zo ba. Mijinta ya daɗe yana mata alkawarin kawo ta yankin, sai teku ta afka wa garinsu, aka ga motarsa a kife, ba a ga gawarsa ba. Yanzu ƙafafunta sun fara gazawa, tana so ta zo ko sau ɗaya ne, da hotonsa a jaka.

"Oktoba fa? Shi mijina ya fi yabawa."

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Tatsuo. Ya ce ɗakuna a cike suke har ƙarshen kaka. Ya ce da sanyi kuma hanya na rufewa. Ya ce akwai masaukai masu kyau a ɗaya gefen dutse, zai ba ta lambarsu, zai ma biya mata.

Kumiko ta fizge wayar.

"Ki yi haƙuri, maigidan ba ya jin daɗi yau. Ki zo ran goma ga Oktoba, ana tsakiyar tsinka, ganye ya yi ja. Shi da kansa zai ɗauko ki a tashar jirgin ƙasa."

Ta tambayi sunan matar, ta ajiye wayar, ta rubuta a takarda, ta miƙa masa.

"Me ke damunka? Ga sunanta, ka riƙe allo a tasha don ta gane ka."

Tatsuo ya duba: Onodera Misao. Ba ta buƙatar allo. Shekara tara tana amsa sunan Onodera, sunansa na da, a matsayin matarsa, kafin ranar da ya fito daga kifaffiyar motar nan da ransa, ya juya wa garin baya ya kama hanyar kudu.