Jinkirin Wuƙa

Manaja ya sake buga kalmar "jinkiri" a gurbin bincike, kwamfuta ta sake ba shi amsar ɗazu: babu. Amma ga injinan yankan kwali can ta tagar ofis, kowace wuƙa sai ta ɗan dakata a sama, kamar mai jan numfashi, kafin ta sauko. Dakatawar nan ita ce take ba ma'aikaci damar janye hannu, ita ce kuma ta tsaya wa Manaja a rai tun ranar da aka kawo shi masana'antar, don a ganinsa rage yawan kwalin da ake yankawa take yi.

Hawainiya tana tsaye a bayansa. Ita ce mai kula da manhajar da ke tafiyar da injinan. 'Yan ofis ne suka laƙaba mata sunan, saboda da hannu ɗaya take buga rubutu, ɗayan yana cikin aljihun rigar aiki, wai tsabar yanga. Tsofaffin ma'aikatan da ke ƙasa wurin injinan kuwa, ba wanda ya taɓa kiran ta da shi ko da wasa.

Tun farko Manaja ya umarce ta ta cire jinkirin, ta ce masa a'a, ido cikin ido. Sai ya ɗauko wani ƙwararre daga waje, ya goge duk inda kalmar ta bayyana a manhajar, ya sha godiya ya kama gabansa. Washegari wuƙaƙe suka ci gaba da jan numfashinsu kamar ba a yi komai ba.

Da abin ya ishi Manaja, sai ya ɗora laifin a kan Kawu, dattijon da ke inji na uku, wai shi ke taɓa wani abu a ƙasa. Kawun da ko wayarsa sai an danna masa! Ya rantse in aka tashi aiki yau wuƙa ba ta daina dakatawa ba, Kawu ya kwashe nasa-ya-nasa.

Nan ne ran Hawainiya ya ɓaci. Ta leƙa ta taga, ta hango Kawu yana tura kwali ƙarƙashin wuƙa da hannuwan nan nasa na tsufa. Daga ƙarar kawai ta san bel ɗin injin ya saki. Ta jawo kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

Ta buɗe wani layi a cikin rubutun manhajar ta nuna masa. Ta ce kowane abu da manhaja take tunawa yana ajiye ne a ƙarƙashin wani suna, mai bincike kuma sunan yake nema. To wanda ya rubuta wannan layin bai taɓa rubuta sunan a cike ba. Ya ajiye "jin" a nan, "kiri" a can, lambar inji a wani wurin. Sai an kunna inji manhajar take harhaɗa su, ta kira sunan, ta ɗauko abin da ke ciki. Ka yi ta nema har ka gaji, ba za ka ga abin da ba a rubuta ba.

Manaja ya yi murmushin nasara, ya ce ta goge.

"Ba zan goge ba, yallaɓai. Kai ma in ka goge, layin nan shi ke harhaɗa sunan da ke kunna injinan. Ko su tashi da jinkiri, ko kada su tashi."

Ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ba aiki ba ne, makirci ne, kuma sai ya gano ɗan tawayen da ya ƙulla shi. Ta ce ba ɗan tawaye ba ne, mutum ne da ya san wata rana za a kawo mai gaggawa ya zo neman kalmar. Ya tuna mata cewa takardar sallama ba wuyar rubutawa gare ta ba. Ta ce ya rubuta, amma ya fara nemo wanda zai kwance masa ƙullin.

"Duk wannan taurin kan a kan me?" in ji shi. "Wuƙar nan ba ta taɓa ko ƙwarzanar kowa ba. Na tambaya."

"Wa ka tambaya, yallaɓai?"

Ta zare hannun hagu daga aljihu ta shimfiɗa masa a kan tebur, babban yatsa da ɗan ƙarami, iyakar abin da inji na uku ya bar mata ke nan shekarar da ta bar bakin wuƙa ta koyi manhaja, don kawai ta rubuta wannan layin.