Abin da Jirgin Jibo Ya Sha

Bilya na ɗora ƙafa cikin jirgin, katakon ƙasa ya lotsa kamar jiƙaƙƙen kwali, wani baƙin ruwa mai wari ya ɓulɓulo ta tsakanin yatsunsa. Jirgin ruwa ne na faiba mai inji, na yayansa Jibo. Tun ranar da masunta suka jawo shi daga dam ɗin Zobe yake yashe a gindin wani gawo, damina ta cika shi, rani ya gasa shi, Bilya kuwa ko hanyar wurin ba ya bi.

Dalili kowa ya sani, ba dai mai faɗa. Ran da abin ya faru, su biyu za su tsallaka da taki zuwa gonar rani. Jibo ya dubi yadda bakin jirgin ya kusa da ruwa, ya ce kwanan nan nauyi yake yi, a bar saura sai sawu na biyu. Bilya bai daɗe da dawowa daga ci-rani ba, kansa na hayaƙi, ya yi dariya ya ce tsoro ne kawai, ya ƙara buhu biyu. A tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgin ya nitse. Shi Bilya jarka ya samu ya rungume. Jibo bai samu komai ba.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Bilya ya ce haka ne, amma buhu biyun nan da su yake kwana, da su yake tashi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne shirun Gogo, mahaifiyarsu. Jibo ɗan fari ne, ita kuwa irin matan da ce masu alkunya. Yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba a taɓa ganin ta miƙa masa ko ƙwaryar ruwa a gaban mutane ba, da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. Bilya ya ɗauki shirun nan a matsayin hukunci, kuma a ransa ya yarda ya cancanta.

Bana dai gida ya matse. 'Ya'yan Jibo na girma, gona ba ta riƙe su, ga Gogo kwanan tabarma ya lanƙwasa mata baya. Jirgin ne kaɗai abin da marigayin ya bari. Da Bilya ya gaya mata zai gyara shi, kansa a ƙasa, sai ta ce, "Ka gyara. Jirgin nan an yi mishi duk abin da ya kamata, Allah ne bai nuhwa ba."

Ya ɗauko Kenneth daga Dutsin-Ma, wani mai liƙin faiba da ke gyaran tankunan ruwa da bambar motoci. Suka cire bencina, suka kankare gansakuka, suka soma ɓamɓare katakon ƙasa. Haƙarƙarin jirgin duk ya ruɓe, sai an sa sabon katako a lulluɓe shi da zaren faiba da gam. Bilya yana aiki yana kau da ido daga wurin da Jibo kan zauna ya riƙe inji.

Da suka ɗaga babban falankin katako na tsakiya, Kenneth ya tsaya cak. Ƙarƙashinsa cike yake da soso, an yanka shi gunduwa-gunduwa an cusa ko'ina, ba a bar ko kusurwa ba. Ya danna da ƙafa, ruwa ya tsiyayo.

"Malam Bilya, wa ya yi wannan aiki?"

"Ina ci-rani lokacin da Yaya ya sake katakon. Ina jin wani mai gyara ya kira."

Kenneth ya girgiza kai. Ya ce gaskiya ne ana sa soso a ƙarƙashin irin wannan jirgi don ya riƙe shi a kan ruwa, amma soso ne na musamman, mai tauri, wanda ruwa ba ya shiga. Wannan kuwa na kwanciya ne, irin na katifa. Duk ɗigon da ya ratsa ta tsaga, shanyewa yake ya riƙe. Suka kama gunduwa ɗaya su biyu, da ƙyar suka fitar da ita. Ta fi buhun taki nauyi, ga 'yan'uwanta jere har hancin jirgi.

"Kafin ku ɗora komai," in ji Kenneth, "jirgin nan ya riga ya ɗauki kayansa."

Bilya ya zauna daɓas a kan yashi, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran jana'iza. Ashe ba shi ba ne! Sai kukan ya juye ya zama fushi. Ya yanki guntun soson, ya hau babur, bai tsaya ko wanke hannu ba.

Ya sami Gogo a ɗaki, zaune a bakin gadonta na ƙarfe, tana jan carbi bayan la'asar. Ya durƙusa ya ajiye guntun a gabanta, ruwa na ɗiga, ya zayyana mata duk abin da Kenneth ya ce.

"Gogo, ba buhuna ba ne suka kashe Yaya, wannan ne! Wani mugu ya cusa mishi soson kwanciya, yana shan ruwa ba wanda ya sani. Ko waye, Allah ya isa tsakaninmu da shi, ban yahe ba duniya da lahira!"

Carbin ya tsaya. Gogo ta daɗe tana kallon soson, sannan ta kai hannu ta shafa tabarmar da ke shimfiɗe a kan ƙarafan gadon. A karo na farko a rayuwarsa, Bilya ya ji sunan ya fito daga bakinta.

"Jibo ya ce mini soso ka hana jirgi nitsewa, ya nema bai samu ba," ta ce a hankali. "Shi ne na ba shi katihwata, na ce kada ya gaya ma kowa."