Mai Lamba Sittin da Uku

Ranar Laraba da hantsi saƙon mai lamba sittin da uku ya shigo, kamar yadda ya saba. Dakta Salome Kefas ta ture kofin shayinta gefe, ta kara wayar a kunne.

Shekara biyu ke nan da ta tare a Anka. Likitar ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam ce, kuma abin da take bincike a kai ɗaya ne: ko za a iya yi wa mutanen da hare-hare suka raunata wa zuciya magani ta waya, tunda hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa. Mutum ya aiko saƙon murya, ita kuma ta amsa masa. Ba suna, ba gari, lamba kawai. Da wannan sharaɗin ne mutane suka yarda suka buɗe cikinsu.

Cikin mutum ɗari da sha tara, babu wanda ya tsaya mata a rai kamar wannan. Ya ce sai ya hau dutse yake samun sabis, shi ya sa kullum iska ke kaɗawa a bayan muryarsa.

"Likita, wata huɗu ban yi kwana ba," ya ce a saƙonsa na farko. "Da na ruhe ido sai in ji wata 'yar ɗiya na kuka cikin rumbu, wuta na ci."

Ba ta tambaye shi ko 'yar wa ce ba. Aikin ya koya mata cewa akwai ƙofar da mai ita kaɗai ke buɗewa. Ya ce hannunsa na rawa har ba ya iya riƙe moɗa, ya ajiye sana'a, abokan aikinsa na yi masa dariya.

Ta koya masa jan numfashi a hankali. Ta koya masa ya riƙa kiran sunayen abubuwan da ke gabansa in kukan ya taso. Da ta ji nauyin da ya ɗora wa kansa, sai ta faɗa masa abin da take faɗa wa duk wanda ya tsira alhali wasu ba su tsira ba.

"Malam, ba kai ka kunna wutar ba. Ka yafe wa kanka."

Mako biyu bai aiko saƙo ba. A kwanakin nan Salome ta fara jin ƙaurin gero a ofishinta da rana tsaka, ta duba ko'ina, babu abin da ke ƙonewa. Sai ga shi ya dawo, ya ce maganarta ta yi masa daɗi. Daga nan sauƙi ya yi ta samuwa.

Saƙon wannan Larabar gajere ne. Yana barci, hannu ya daina rawa, makon jiya ya koma bakin aiki. Ta nemi izinin saka muryarsa a taro, ya ce ba komai.

Ranar Asabar aka taru a wani ɗakin taro a Gummi. Ma'aikatan lafiya sun zo daga Anka da Bukkuyum, ga kuma manyan da za su yanke ko a kai shirin sauran ƙananan hukumomi. Salome ta yi bayani dalla-dalla: kashi biyu cikin uku na mutanenta sun samu sauƙi. Aka tafa.

A kujerar baya akwai wata mata mai suna Hure, wadda wata nas ta kawo don a sa ta cikin shirin. Daga Tungar Makau ta gudo, ta wajen Gwashi, kwana tara da suka wuce. Tun ranar ba wanda ya ji bakinta.

"Ga shaida daga bakin mai ita," in ji Salome, ta danna wayar.

Iska ta cika lasifikar. Sai muryar, a natse, har da 'yar dariya: "Likita, Allah shi saka miki. Na warke sarai. Na koma aiki."

Kujera ta faɗi a baya. Hure ce tsaye, mayafinta ya zame, tana nuna lasifikar da yatsa kamar mutum ne tsaye a wurin. Nas ta kama ta. "Inna, zauna. Mi ya hwaru?"

Hure ba ta dube ta ba. Salome take kallo.

"Ko cikin kabari na san muryag ga," ta ce. "Shi na yat tsaya ƙohwar gidanmu makon jiya, yac ce maza su hito, yah harbe mini mijina Dikko da ɗiyana biyu."